Fom ɗin da na cike a Houston, da wanda Yaya ya hana a cike a Kano

Shekarar da babbar 'yata za ta gama sakandare a nan Amurka, malamar da ke ba ɗalibai shawara ta tambaye ni ko mun cike FAFSA. Ranar na fara jin sunan. Fom ne na neman tallafin karatun jami'a daga gwamnatin tarayya, ba a biyan ko kwabo wajen cike shi, kuma bisa al'ada ranar 1 ga Oktoba ake buɗe shi. Da na ga yana neman sanin abin da muke samu a shekara ni da maigidana, sai jikina ya yi sanyi. Mun tashi a kan cewa samu da rashi sirrin gida ne, ba a baje su a gaban baƙo. Na kusa barin sa saboda wannan kunyar, kuma na san iyalai namu a nan da suka bar shi.

Ashe duk ƙofofin ta nan suke buɗewa. Da shi ake ba da tallafin Pell, wanda ya kai dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma kyauta ne. Jihohi da jami'o'i ma shi suke dubawa kafin su raba nasu, wani kuma wanda ya riga ne yake samu. Amma galibi na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Wanda ya shigo da bizar karatu ba ya ciki, sai dai ya nemi tallafin jami'ar da ta ɗauke shi.

Abin da ya hana ni barci shi ne takardar da jami'a ta aiko. Kyauta da bashi an jera su wuri ɗaya, duk da sunan taimako, alhali bashin da ruwa a kansa. Bashin karatu a ƙasar nan ya haura dala tiriliyan 1.6, akwai masu furfura da har yanzu suke biya. Muka ce ba za mu taɓa riba ba. Yarinyar ta fara da kwalejin unguwa mai sauƙin kuɗi, tana kwana a gida, bayan shekara 2 ta koma jami'a.

Shi ya sa raina ya ɓaci da Yaya ya kira ni kan kuɗin rajistar ɗansa. Na ce ina NELFUND, asusun ba da lamunin karatu na gwamnatin Najeriya? Tun Mayun 2024 aka buɗe shafin neman wannan lamuni ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu ruwa a ciki. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 duk wata na ɗawainiya, sannan ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Abin da na nema ido rufe a Amurka ban samu ba, ga shi a ƙofar gidanmu.

Yaya ya ce, "Ke dai kin daɗe a waje. Abin gwamnati sai mai hanya."

Ban ga laifinsa duka ba. Mutumin da ya ga yara sun yi ta sintiri kan sukolashif ɗin jiha har suka gama karatu ba su ga kuɗin ba, dole ya yi shakka. Kuma naira 20,000 ba ta riƙe ɗalibi wata guda a tsadar nan. Amma shi bai nema an hana shi ba, tun daga gida ya yanke hukunci, kamar yadda na kusa yi. Ya gwammace ya sayar da filinsa ɗaya tilo.

Na ce, "Yaya, don Allah a bar filin nan." Na tura rabin kuɗin, da sharaɗin yaron ya tanadi lambar NIN da BVN da takardarsa ta JAMB. Ranar Lahadi bayan sallar isha'i ta Kano zan kira shi, mu cike tare.