Ragon da ya kusa tayar wa Babana da teburin agashe

Kafin in shiga aji bakwai, ni ne gwanin zane a unguwarmu ta Wad Madani a ƙasar Sudan, kuma babu mai ja. Duk almajirin da zai yi sauka, ni ake nema in yi wa allonsa zayyana. Malaminmu na allo ya koya mini haɗa tawada da ƙaro da baƙin tukunya, sannan in shirya layuka da murabba'ai da 'yan kusurwoyi, ja nan, kore can, rawaya a tsakiya. Tukwicina ƙwai ne ko 'yan fam, wata rana har kaza. Tsofaffi kuwa sai sa albarka suke yi, wai hannun yaron nan ba na banza ba ne.

Darasin zane a makarantar boko kuwa, da can lokacin hutu muka ɗauke shi, a ciki muke ƙarasa ragowar ful, wato dafaffen wake, da muka sayo da hantsi. Sai aka kawo mana sabon Ustaz, wani dogo siriri da ya fito daga kwalejin zane ta Khartum, kullum da ɗigon fenti a hannun rigarsa. Ranar farko ya shigo da jabana, 'yar tukunyar ƙasar nan mai dogon wuya da ake dafa gahawa, ya ɗora ta kan tebur ya ce mu zana abin da muke gani.

Ni na fara gamawa. Ustaz ya karɓi takardar, ya duba ta a tsaye, ya kwantar da ita, ya juya ta kai ƙasa.

“Wannan wane masallaci ne?”

“Jabana ce, Ustaz.”

“Jabana mai kusurwa huɗu da taga?”

Ba taga ba ce, ado ne na ƙara mata don ta yi kyau. Ajin ya ɗauki dariya. Ustaz ya tsawatar, ya ce kada wanda ya raina ɗan allo, domin Ibrahim el-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin addini ne, cikin alluna da tawada ya tashi, ga shi a 2013 an baje kolin zane-zanensa a gidan Tate Modern na Landan. Ni dai daga duk jawabin abu ɗaya na tsinta: an haɗa ni da Salahi. Ragowar maganar, inda ya ce sai na koyi kallo kafin in taɓa fensir, ta bi ta bayan kunne.

Mako na gaba aka ba mu jaki. Na kai nawa gida, Kawu na zaune, mutumin da bai yarda da zanen mai rai ba ko kaɗan. Ya sa tabarau ya daɗe yana nazari, sannan ya miƙo mini.

“Wannan babu laifi, ɗana. Bai yi kama da komai cikin halittun Allah ba.”

To, Babana mai agashe ne, sana'ar da duk Sudan an san ta Hausawa ce. Daga la'asar zai fara yanka nama fale-fale, ya soke a tsinke, ya birkima shi cikin garin gyaɗa da yaji, ya kafa tsinkayen kewaye da garwashi. Bayan magariba sai masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, da 'yan jami'a da ma'aikata su yi layi, a yanka musu albasa a matsa lemun tsami. Ana cikin haka wani ya buɗe nasa teburin a tsallaken titi, ya rataya allon talla mai fitila. Abin ya tsaya wa Baba a rai. Ya kira ni ya nuna mini wani falankin katako da ragowar fentin ƙofa.

“Tun da kuɗina na tafiya makaranta, zo mu ga amfaninsa. Zana mini dabba mai ƙiba, wadda mutum zai gani yawunsa ya tsinke.”

Na zaɓi rago. A nan sai mai karatu ya yi mini adalci. Ragon Sudan, irin su Hamari da Kabashi da ake kawowa daga Kordofan, dogayen ƙafafu gare shi, kunnuwa a langaɓe, wutsiya doguwa, kuma da yawansu ba su da ƙaho. Fentin da aka ba ni ruwan ƙasa ne. Na ga bai kamata ragon talla ya ɓata rai ba, sai na buɗe masa baki yana murmushi, na jera masa haƙora, na zaro masa jan harshe. Wutsiyar kuma ba ta samu wuri a ƙasa ba, sai na tanƙwara ta sama.

Baba ya rataya shi da yamma, idonsa na kan wuta, bai tsaya dubawa ba. Mai rakshar farko ya rage gudu kamar kullum, ya ɗaga kai, ya ƙara wuta. Wata mata ta janye ɗanta zuwa ɗaya gefen titin. Can sai yaran unguwa suka taru a nesa suna haushi, wan-wan-wan, su sheƙa da gudu su dawo. Wani dattijo Balarabe da ya daɗe yana sayen agashenmu ya matso kusa da Baba, ya rage murya.

“Ya Hajj, shekara da shekaru ina ci a nan. Ka gaya mini tsakaninka da Allah.”

Sai a lokacin Baba ya fito daga bayan tebur ya kalli allon. Bai ce uffan ba. Washegari da agashe muka karya kumallo, da shi muka ci kisra, gurasar dawa mai fale-fale, da rana, ƙannena har godiya suka yi mini.

Kaka ce ta kawo shawara. A Maiurno aka haife ta, garin da Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Kogin Nilu Shuɗi da mutanen da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma idan tana ba da labarin ragunan can sai ka rantse ita ta yi kiwonsu.

“Ai rago ƙaho ne, ɗan nan. Balami idan ya tsaya, ƙahonsa har murɗewa yake yi. Sa masa ƙaho ka huta.”

Na sa masa biyu, manya, murɗaɗɗu. Daren nan mutane sun tsaya kam, sai dai ba sayen nama ya tsayar da su ba. Waya suke fitarwa suna ɗaukar hoton kare mai ƙaho.

Na ɗauki allon a ka har makaranta, da niyyar Ustaz ya raba gardama, ya shaida cewa rago ne. Sai da ya fita bayan aji ya yi dariyarsa ya dawo yana share ido. Sannan ya tambaye ni haƙora nawa rago yake da su a gaban baki ta sama. Na ce kamar takwas. Ya ce ko ɗaya babu, dasashi ne kawai mai tauri, ni kuma na jera masa fiƙoƙi. Ya tambayi yadda ƙwayar idonsa take, na ce zagaye. Ya ce a kwance take, kamar tsaga. Ni da na tashi ina ba ragon layya dusa da hannuna!

Daga nan ya kama ni da gaske. Ya koya mini miƙa hannu da fensir, in rufe ido ɗaya, in auna tsawon kai da babban yatsa, sannan in ga kai nawa ke cikin tsawon jiki. Ya hana ni farawa da ido ko kunne. Sai na fara da babban ƙwai na ciki, ƙaramin ƙwai na kai, in haɗa su da wuya, ƙafafu su biyo baya. Ya nuna mini cewa inda haske ke dukan abu a bar shi fari, ɗaya gefen a shafa inuwa da gefen fensir, sai ka ga abin ya kumbura ya taso daga takarda. Ya ƙwace rulata ya kulle a durowa. Ranar Juma'a kuma ya tura ni kasuwar dabbobi.

Can na samu wani jan rago na tsuguna gabansa, na miƙa fensir, na kanne ido ɗaya. Dillalin ya zuba mini ido. Da na sake kannewa sai ya shiga tsakanina da ragon ya buɗe babbar rigarsa.

“Kai yaro, ɗan gidan wa? Ka ce masha Allah! Me kake nuna masa da tsinke?”

Na ce masha Allah, na nuna masa takarda. Ya kalla, ya kira abokinsa, suka yi ittifaƙi cewa ƙafar baya ta karye. Da gaskiyarsu, domin na lanƙwasa ta irin gwiwar mutum. Tun daga ranar dillalai suka zama malamaina na biyu, kuma sun fi Ustaz tsanani. Wannan ya ce hancin Hamari a gantsare yake, wancan ya ce ragon da na zana ko kyauta ba zai karɓa ba, ƙirjinsa ya yi ƙunci. Wani har farashi yake sa wa zanen, kuma a hankali farashin ya riƙa hawa.

Kafin jarrabawar ƙarshen shekara na goge katakon na sake shi. Kofato a tsage, baki a rufe, wutsiya a sake, inuwa a ƙarƙashin ciki. Ustaz ya ba ni maki mafi yawa a aji. Kawu ya gani ya yi a'uzu, ya ce yanzu kam an shiga haram, ya daina gaisa ni da fara'a.

Baba ya rataya. Dattijon nan Balarabe ya dawo, ya yaba ragon, ya sayi tsinke biyar. Ya tauna na farko, ya ɗaga kai ya kalli allo, ya sake taunawa.

“Ya Hajj, a sama rago, a baki sa. Wanne zan biya?”

Ashe duk shekarun nan naman sa Baba yake gasawa, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Ya juyo ya harare ni, wuƙa a hannu, albasa a ɗayan.

“Sauke shi. Gobe ka koma wajen dillalan naka, ɓangaren shanu.”