In za a gina mana gidan adana kayan fasaha a Bauchi, don Allah kar a fara da gilashi da tayil

Jama'ar Bauchi da Gombe, assalamu alaikum. Maganar da ta daɗe tana ci min rai zan yi yau, wato da me ya kamata a gina gidan adana kayan fasaha in Allah ya sa wata rana gwamnati ko wani mai hali ya tashi yi mana shi. Ina nufin gidan da za a rataye zanen yaranmu masu baiwa, a ajiye rigunan saƙi masu aska takwas, da sirdi da kayan adon doki na hawan sallah, da Alƙur'ani rubutun hannu mai zayyana, da ƙore mai sassaƙa da tukwanen da iyayenmu mata suka gina. Tsorona ɗaya ne, na san abin da za a yi in an ba da kwangilar, bulo inci tara, gaban ginin gilashi tun daga ƙasa har sama, a lulluɓe sauran da farantan aluminiyam na alukobon, ciki tayil mai sheƙi, sama POP da fitilu kala-kala, a jera esi a kira 'yan jarida. Ranar buɗewa zai yi kyau a hoto ba musu, amma kayan da aka gina gidan dominsu su za su sha wahala.

Ni ina zaune a Jamus ne, a birnin Kolon, kuma akwai wani gidan kayan fasaha a nan mai suna Kolumba da aka buɗe a 2007, wani masanin zanen gini ɗan Suwizalan, Peter Zumthor, shi ya tsara shi a kan kufan wata majami'a da bam ya rusa lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga waje jan bulo ne amma launin toka, siriri dogo, wanda aka gasa musu musamman a Denmak. Ciki kuma, bangon da suke rataye zane masu tsadar gaske, yaɓen laka ne. Laka fa, irin wadda muke jin kunyar a ce da ita aka yi ɗakin kakanmu. Ƙasan tarazo ne, bangon mai kauri, an bi cikinsa da bututun ruwa domin ya riƙe sanyi ko ɗumi a hankali. Mutanen nan ba kuɗin marmara suka rasa ba, kuma wutarsu ba ta ɗaukewa, amma suka zaɓi laka, mu da NEPA ke kawo wuta ta ɗauke yadda ta ga dama mu ne muke son ginin da ba ya shiguwa sai da esi.

Dalilinsu ba wai ado ba ne kawai. Babban abokin gaban fata da katako da takarda da zare shi ne canjin laima a cikin iska, yau ta hau gobe ta sauka. Manyan gidajen adana kaya na duniya sun fi yarda a riƙe laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma kar ta riƙa tsalle cikin yini guda. To ku duba namu yanayin. Da hunturu iska takan bushe har laima ta faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, fatar ganga ta ɗaure, katako ya dare, sannan a watan Agusta ta haura 80, takalmin da ka ajiye a ƙarƙashin gado ya yi hunhuna. Ga zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40. In ka sa tsohon sirdi a ɗakin bulo mai tagar gilashi, esi na aiki da rana saboda an kunna janareta, ƙarfe huɗu ma'aikata su tashi a kashe don tattalin dizal, to kullum fatar nan tana kumbura tana tsukewa, shekara kaɗan za ta fara ɓarewa, kuma gara a ce ba a taɓa kunna esin ba da wannan kunna-kashe ɗin. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yakan sha laima in ta yi yawa ya sake ta in iska ta bushe, zafin rana ma ba ya ratsa shi sai dare ya yi, duk wanda ya taɓa shiga zauren ƙasa da azahar a bazara ya san sanyin da nake nufi, irin na ruwan randa.

Sai maganar haske, wadda ita ce ta sa nake adawa da gaban gilashi. Rana tana cin launi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Masu adana kaya suna auna haske da ma'aunin da ake kira luks, tufafi da takarda luks 50 ake ba su, zanen fentin mai kamar 200, alhali ranar tsaka a fili takan kai dubu ɗari. Rigar da aka rina da baba ko shafin da aka yi wa zayyana da zarnihi in suka yi shekara biyu suna kallon taga ta yamma sun gama. Ƙananan tagogi can sama kusa da rufi, irin na sorayenmu, suna kallon arewa, sun wadatar, sauran a cika da fitilun LED marasa zafi da sola za ta iya ɗauka. Tayil mai sheƙi shi ma yana mayar da haske cikin ido ya hana ka ganin zanen, ga santsi ga ƙarar takalmi in 'yan makaranta sun shigo. Tarazo ko daɓen siminti da aka goge ba tare da ƙyalli ba ya fi, kuma muna da masu aikin tarazo tun zamanin tsofaffin asibitoci da makarantun gwamnati, har yau wasu ƙasan nasu na nan lafiya lau.

Abin da kusan ba wanda yake tunawa da shi a wajenmu shi ne akwatunan nuni. Kafinta zai kawo filawud ko MDF, ya shafa gam ya fesa fenti ya shimfiɗa kafet ja a ciki, gobe a zuba kaya a rufe. Wannan warin sabon kabad da muke jin daɗinsa, sinadari ne ke fita, kuma a rufaffen akwati yana cin ƙarfe. Ulu yana fitar da abin da ke baƙanta azurfa, wasu itatuwa suna fitar da tsami mai cin darma. Shi ya sa tun 1973 wani masani a gidan tarihin Birtaniya, Andrew Oddy, ya fito da gwajin da har yau ake amfani da shi, a sa ɗan yankin kayan da ake son amfani da shi a kwalba tare da azurfa da jan ƙarfe da darma da ɗan ruwa, a rufe a ajiye a zafin maki 60 har kwana 28, in ƙarafan suka canza launi to kayan nan ba zai shiga akwati ba. Wannan gwajin fa ɗakin binciken sinadarai na jami'ar ATBU ta Bauchi ko jami'ar jihar Gombe zai iya yin sa, ba sai an kai Turai ba.

Gobara kuma kar mu yi wasa da ita. Gidan tarihin ƙasar Barazil da ke Riyo ya ƙone a Satumban 2018, kaya kusan miliyan 20 ne a ciki, yawancinsu suka tafi, kuma bincike ya nuna daga na'urar esi wutar ta tashi. Dogon benen Grenfell a Landan da ya ci mutum 72 a 2017, farantan aluminiyam masu roba a tsakiya da aka lulluɓe shi da su ne suka yaɗa wutar. Silin roba da wayar wuta mai araha ba su da wurin zama a gidan da ke ɗauke da abin da ba a sayar da irinsa a kasuwa.

Na san me za a ce min, ginin ƙasa sai an yi ta yaɓe duk shekara, ga gara, ga damina, gwamnati kuma ba ta iya kula da abu ba. Gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. Amma ku je Kafin Madaki ku ga gidan Madaki da shahararren magini Babban Gwani ya gina a 1860, tubali da azara, da bakan gizo riƙe da rufi, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Azarar giginya gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba, maginanmu kuma suna da makuba ta ɗorawa da laso na katsin marina domin kare bango daga ruwa. A Binin ta jihar Edo ma sabon ginin MOWAA, gidan adana kayan fasahar Afirka ta Yamma, da jar ƙasa da aka kirɓa aka ɗaga bangonsa, kuma a wannan zamanin aka yi shi. Ni ba cewa nake a guji siminti ba, muna da Ashaka a gida, a zuba harsashin gini da dutse da kankare ya taso sama da inda ruwa ke fallatsa, ginshiƙai su zama kankare, rufin ya fito sosai ya yi wa bango inuwa, indararo ya kai ruwa nesa, sannan bangon ya zama ƙasa mai kauri ko jan bulo da yaɓen laka a ciki. Kabarin Tafawa Balewa ma kankare ne, amma wanda ya tsara shi ya yi tunani, ka bi ta duhu kafin ka fito haske, dogayen bangaye ba taga, saboda haka ko a cikin garin Bauchi muna da misalin ginin da aka zaɓi kayansa saboda abin da ake son ya yi.

Kuma kar a manta da sito. A yawancin gidajen adana kaya abin da ake nunawa kaɗan ne, sauran suna ɗakin ajiya, amma mu sai a ƙawata zauren baƙi a jibge sauran kayan a wani ɗakin baya mai yoyo. Ɗakin ajiya shi ya kamata ya samu bango mafi kauri, a tsakiyar ginin, ba taga, kantocin ƙarfe da suka ɗaga daga ƙasa, ƙofa biyu saboda ƙurar hunturu.

Roƙona ga duk wanda aikin nan zai faɗo hannunsa, kafin akitek ya ja layi ɗaya a fara kiran ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke Jos, tunda gidansu na nan tun 1952 kuma sun ga abin da yanayinmu ke yi wa kaya, a kira Sarkin Magina da dattawan magina da suka rage, a lissafa irin kayan da za a ajiye ɗaya bayan ɗaya. Sannan a gina ɗan ƙaramin ɗakin gwaji a filin, a sa na'urar auna zafi da laima a ciki ta kwana hunturu da bazara da damina, abin da ta nuna shi za a kai wa ɗan kwangila.