Intanet da amanar da aka gina ta a kai

Waɗanda suka kafa intanet sun san juna. A ƙarshen 1969, ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, wurare huɗu kacal ta haɗa: jami'o'i uku da cibiyar bincike guda. A irin wannan zama, wa zai nemi shaida daga abokin aikinsa? Shi ya sa ƙa'idar aika imel ta SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ba ta tantance mai aikawa. Duk sunan da ka rubuta, shi za ta kai. 'Yan damfara kuwa sun gode.

Inda abin ya fi muni shi ne BGP, ƙa'idar 1989 da kamfanonin sadarwa ke sanar wa juna hanya da ita. Kamfani zai ce adireshin intanet kaza ta wurina ake zuwa, maƙwabcinsa ya yarda ya faɗa wa na gaba. Idan biyu suka yi iƙirarin wuri ɗaya, na'ura takan bi wanda ya ambaci ƙaramin rukunin adireshi, don tana ganin shi ya fi sanin gida. Da haka Pakistan Telecom ya jefa YouTube cikin duhu a Fabrairun 2008. Niyyarsa toshe shafin a cikin ƙasar kawai, sai sanarwar ta tsallake iyaka, akasarin duniya ta rasa YouTube kusan awa biyu. A Nuwamban 2018 ma kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Najeriya ya karkatar da zirga-zirgar bayanan Google, ta bi ta Rasha da China fiye da awa guda.

Wasu na cewa maganin shi ne a miƙa ragama ga manyan kamfanoni ko gwamnatoci. Ban yarda ba. Buɗaɗɗiyar ƙofar nan ce ta sa CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ta saki fasahar shafukan yanar gizo kyauta a 1993, kowa ya gina nasa ba neman izini. Shaida ce ta yi ƙaranci, kuma akwai kayan aikinta. Da RPKI, tsarin tantance sanarwar hanya, mai adireshi zai sa hannun lantarki a hukumar rabon adireshi ta yankinsa, AFRINIC ke nan a Afirka, ya ambaci wanda ya halatta ya sanar da hanyarsa. Sai dai sa hannun bai hana komai sai maƙwabta sun saita na'urorinsu su watsar da sanarwar da ta saɓa masa, kuma a wannan mataki na biyu ne kamfanoni da yawa ke jan ƙafa.