Tsohon Soja Ba Abin Wasanku Ba Ne

Jiya da hantsi a bakin tasha na ga abin da ya sa shayi ya fita raina. Wani dattijo ne da ya doshi tamanin, da tsohuwar hular soja wadda ta koɗe, yana zagayawa da ɗan kwali yana sayar da alamar nan ta 'yan mazan jiya da ake maƙalawa a ƙirji. Samari huɗu suka tare shi. Ɗaya ya ce, "Baba, sara mana mu gani!" Wani na buga masa lef-rai, lef-rai, na uku ya ɗaga waya yana ɗauka. Tsohon ya ƙame, ya sara, hannunsa na karkarwa. Suka bushe da dariya, suka jefa masa naira ɗari, ko alamar ba su karɓa ba.

Haba samari! Sa'an kakanku kuka mayar ɗan wasan kwaikwayo saboda a danna muku a TikTok? Ranar 15 ga Janairu da ake ta ajiye furanni da sakin tantabaru a Abuja, ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, bayan wata talatin ana zubar da jini. Wannan dattijon yana ciki, da bakinsa ya faɗa mini. Lokacin bai kai shekarunku ba. Ku da ƙarar fashewar taya ke sa ku zubar da takalma, ku ne masu yi masa dariya. Wanda ya raina tsayuwar wata, ai sai ya hau ya gyara.

Kuɗin alamar nan ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion ke tarawa don tsofaffin sojoji da marayu da matan waɗanda suka kwanta dama. Ba ku da na saye, na yarda, ko da yake na data da cacar ƙwallo da shisha ba ya yanke muku. To ku wuce mana! Dole sai kun ɗauke shi a waya?

Kuma ku ɗin ne, ranar da aka kashe Laftanar Kanar Abu Ali a Malam Fatori a 2016, kuka cika Facebook da hotonsa da Allah ya jiƙan maza. Haka bayan harin da aka kai wa sojoji a Metele a 2018. Wato soja sai ya mutu yake da mutunci a wurinku. Wanda ya dawo da ransa, ya tsufa, haƙƙinsa ya maƙale har takwarorinsa suna shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, shi ne na tsokana. Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba kan koma baya.

Muna yara akwai wani ɗan Barma a unguwarmu, cikin waɗanda Turawa suka kwasa yaƙin duniya na biyu. Ba mai wuce ƙofarsa bai durƙusa ba. Ranar Juma'a kwanon tuwo daga gida uku yake zuwa masa, ba wanda ya kira abin taimako. Ka yi masa rashin kunya, maƙwabci ne zai zane ka kafin labari ya kai gidanku. Yanzu wa zai tsawata wa ɗan wani?

Da zan tafi na sayi alama ɗaya. Ya hana ni maƙalawa da kaina, ya sa mini a ƙirjin hagu, ya ja baya ya duba ko ta zauna daidai.