Shugaban da bai san ƙofar gidanka ba

Makon jiya matar wani abokin aikinmu ta rasu. Bajamushe ne, dattijo, ya fi kowa daɗewa a ma'ajiyar kayan da nake aiki a birnin Duisburg na ƙasar Jamus, bakin kogin Rhine. Sai ga kati fari mai baƙin gefe yana zagaya ɗakin shan kofi, kowa ya sa hannu, aka jefa yuro biyar-biyar a ambulan. Manaja ya turo imel. Hutun kwana biyu aka ba mutumin, da ya dawo ya hau motarsa ta ɗaga kaya kamar ba a yi ba. Na nemi kwatancen gidansa don in je ta'aziyya, aka ce kada in takura masa.

Kuma a wannan wurin ne aka kafa wani allo a bakin ƙofa mai fuskoki uku, kore mai murmushi, rawaya, da ja mai ɗaure fuska. In ka tashi aiki ka danna ɗaya, wai shugabanni su san ko hankalinka a kwance yake. Ga kwandon tuffa da ayaba kyauta ranar Litinin, ga taron ƙarfafa zumunci da ake ɗauko ƙwararre daga wani gari a biya shi ya koya mana jifan juna da ƙwallo.

Ba na raina musu. Albashi ba ya wuce ranarsa. Doka ta ba ka aƙalla kwana 20 na hutu a shekara, kuma duk inda ma'aikata suka kai biyar suna iya zaɓen majalisarsu, wadda dole a ji ta bakinta kafin a kori mutum. A gida kuwa, naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba ta san da zaman ɗan ƙwadagon da ke yankan shinkafa a Auyo ta Jihar Jigawa ba, kuma na san masu gonar da ke cewa "sai an sayar" har ƙura ta lafa.

Duk da haka, ku je fadamar Hadeja lokacin girbi ku gani. Alhajin da ke da ma'aikata ba ya buƙatar allo. Da ya ga yaro ya yi sanyi zai ce, "Kai, lafiya? Yaya jikin tsohuwa?" Ƙwarya ɗaya ake shan fura, sahu ɗaya ake azahar, wani lokacin ma ɗan ƙwadagon ne liman, mai gona a bayansa. In an yi maka haihuwa ka ga buhun gero, in rasuwa ce shi ne a gaba wajen ɗaukar makara. Shi ya sa in hadari ya taso cikin dare, shinkafa tana shanye a fili, mutane ke fitowa da tocila ba wanda ya aika musu. Wane danna kore ne zai fito da Bajamushe ƙarfe biyun dare?

Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙannenmu da suka yi boko suka karɓi injinan casar iyayensu, sun sa ƙofar gilashi da sakatare, sai ka cika takarda kafin ka ga oga. Sun ɗauko nisan Turawa, sun bar musu biyan albashi a kan lokaci.

Mu ƴan Arewa da ke nan mun buɗe zauren WhatsApp, muna tara kuɗi duk wata saboda ranar da ɗayanmu zai faɗi, a samu masu wanka da sallah. Har yanzu ana gardama a kan ko a binne mutum a nan ko a kai shi gida. Ni dai na faɗa musu, ko nawa ne kuɗin jirgi, a kai ni Auyo.