Ba Kwamfuta Ce Ke Tsara Zane Ba

A shagunan buga takardu na Gusau, sau da yawa za ka ji mai kawo aiki ya ce, "Haba malam, ai kwamfuta ce za ta yi, me ya sa kuɗin ya yi yawa haka?" Wannan magana tana ci mini rai.

CorelDRAW da Photoshop, manhajojin da ake zane da su a kwamfuta, kayan aiki ne, kamar alƙalami da tawada a hannun malamin da ke yi wa allon sauka zayyana. Shi malamin ne ya san inda ja zai zauna, inda rawaya za ta shiga, da filin da zai bari don ayoyin su fito sarai.

Haka mai tsara katin biki ko bangon littafi yake. Shi ke zaɓar sunan da ido zai fara sauka a kai. Shi ke lura cewa salon haruffa da yawa ba su da ɗ, ƙ da ɓ, in aka yi sakaci sai "ƙasa" ta koma "kasa", ko gurbin harafin ya fito ɗan akwati fanko. Ga kuma batun launi: fuskar waya da hasken ja, kore da shuɗi take haɗa launi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki. Shi ya sa kore mai ƙyalli kan dushe a takarda, sai in mai zanen ya daidaita shi tun kafin a kai wa injin.