Ba birkin inji ne ke hana mutane barci ba, cire salansa ne

A bakin shiga garuruwa da dama na Amurka akwai allon da ke hana direbobin tirela amfani da birkin inji. Kukan mazauna gefen hanya gaskiya ne: tirelar da ta kama wannan birki da tsakar dare tana iya ƙara kamar ana sakin harsasai. Sai dai hanin nan na kai-tsaye ya kama abin da ba shi da laifi.

Birkin da direbobi ke kira Jake, Clessie Cummins ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Jacobs ya fara sayar da shi a 1961. Injin dizal ba ya riƙe mota sosai idan an ɗaga ƙafa daga totur, domin iskar da fistin ya matse takan sake turo shi ƙasa da kusan ƙarfin da ya kashe. Aikin Jake shi ne buɗe bawul ɗin hayaƙi daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama, iskar ta fice, ƙarfin ya tafi a banza, injin ya koma mai jan mota baya. Fitar iskar nan ce ƙarar. Idan salansa na nan lafiya, tana shanye mafi yawanta. Idan an cire ta an sa miƙaƙƙen bututu, ko ta huje, unguwa ba barci.

A dubi abin da ake asara da wannan hani. Tirela mai cikakken lodi tana kai nauyin fam 80,000, wajen tan 36. Idan ta dogara da birkin ƙafa kaɗai a doguwar gangara, gangar birkin takan yi zafi ta buɗe, ta nisanta daga abin da ke kama ta, sai direba ya taka ya ji wayam. A Afrilun 2019 wata tirela da birkinta ya ƙwace bayan gangarar tsaunuka a hanyar I-70 ta afka wa motoci a Lakewood, jihar Colorado, mutum 4 suka rasu. Duk wanda zai rubuta dokar rage wa direba hanyar riƙe mota ya kamata ya san irin wannan gangara.

Dokar tarayya kuwa ta riga ta yi magana. Tun 1988 ba a yarda sabuwar babbar mota ta wuce desibel 80 a ma'aunin ƙara ba idan an auna daga nisan ƙafa 50, kuma cire na'urar rage ƙara laifi ne. Matsalar ita ce mai dubawa: ofishin da ke kula da ƙara a hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) an yanke masa kuɗi tun farkon shekarun 1980, nauyin ya faɗo kan jihohi da ƙananan hukumomi.

Wasu jihohin sun gane inda gizo ke saƙar. Oregon ta haramta birkin injin da ba salansa ne kawai, ta kuma keɓe halin gaggawa. Colorado tun 2000 ta wajabta salansa ga duk motar kasuwanci mai irin wannan birki, ta kuma sa tarar dala 500 a lokacin. A Pennsylvania ƙaramar hukuma ba ta kafa allon hani sai da amincewar ma'aikatar sufuri ta jiha, ita kuma ba ta amincewa a gangarar da ta wuce kashi 4 cikin 100. Wannan shi ne tsarin da nake goyon baya, domin ɗan sanda zai iya leƙa ƙarƙashin mota ya ga ko akwai salansa, amma tabbatar wa alƙali cewa direba bai shiga halin gaggawa ba abu ne mai wuya.

Direbobi ma da nasu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin gari, mota ba lodi, babu abin da Jake zai yi wanda rage giya da wuri ba zai yi ba. A kan ƙanƙara ko jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa littafin koyon tuƙin manyan motoci ya ce a kashe shi, domin tayoyin da inji ke juyawa kaɗai yake riƙewa, suna iya zamewa tirela ta naɗe.